Ranar da Na Ƙi Yafe wa Ƙanena

Ina roƙon a ba ni fili a wannan mujalla, amma a sakaya sunana. Lokacin da abin ya faru ina bandar kifi a Warra, da 'ya'yana uku, ga baki kamar reza, kuma gani nake babu wanda ya kai ni sanin halin mutane. Ƙanena, autanmu, wanda na goya a bayana, yana da shekara ashirin da biyu, sana'arsa fito da mutane a kwalekwale.

Wata rana da damina iska ta kifar da kwalekwalensa suna dawowa daga tsallake, su biyu da amininsa. Shi ya fito, aminin kuwa sai bayan kwana biyu aka ga gawarsa. Kowa ya ce ƙaddara ce, ni ma haka na ce, muka ɗauka magana ta ƙare. Amma yaron ya daina zuwa bakin ruwa, ya shige ɗaki, tuwo sai Inna ta yi da gaske yake kai loma biyu. Wata biyar yana haka. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, zolayarsa nake yi, ina tambayarsa yaushe zai fita takaba, ina cewa namiji ba ya kwanciya don ruwa ya ci wani. Bai taɓa mayar mini da magana ba.

Kwatsam sai ya warware. Ya yi aski, ya sa wankakkiyar riga, ya shiga bin gidajen dangi da maƙwabta yana gaishe su yana neman yafiya. Filafilinsa na tuƙa kwalekwale da yake ji da shi ya ba ɗan kawunmu, komarsa ta kamun kifi ya ba wani maƙwabci. Inna har sadakar waina ta yi don murna. Ni kuma ina ta bugun ƙirji cewa faɗana ne ya yi aiki, yaro ya shiryu, ya kama Allah. Kwana huɗu muna yaba masa.

Rana ta biyar da hantsi ya same ni ina juya kifi a kan banda. Ya durƙusa, ya kira ni Yaya, ya ce in yafe masa tulun Inna da ya fasa yana ɗan shekara bakwai, ya yi shiru aka dake ni a madadinsa. Na buɗe baki zan yi dariya, sai na dubi fuskarsa. Lafiya lau take, irin ta wanda ya gama ɗaure kayansa yana jiran mota. Ba azumi ke tafe ba, ba Makka za shi ba, ba shi da wata tafiya, ba ya kwance ciwo. To wa ke bin mutane yana neman yafiyar tulun shekara goma sha biyar?

Tsoro ya kama ni iri biyu. Ina tsoron abin da na hango, ina kuma tsoron furta shi, don mun tashi ana ce mana kada a yi wa mutum mugun baki. Sai na ji kaina ina cewa ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba sai ya gaya mini inda za shi. Ya sunkuyar da kai. Na daure na tambaye shi kai tsaye ko kashe kansa yake shirin yi. Bai musa ba. Ya ce tun ranar nan gani yake shi ya kamata ruwa ya riƙe, kuma duk sanda ya hango mahaifiyar amininsa sai ya ji ba shi da hakkin numfashi. Sannan ya ce ya gama da kowa, ni kaɗai ta rage.

Na damƙe rigarsa ina kuka, kifin ya ƙone ƙurmus ban waiwaya ba. Na sa aka kira maigidana, daga ranar ba mu sake barinsa shi kaɗai ba. Washegari muka kai shi asibiti a Yelwa. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ciwo kamar kowane ciwo, yana da magani, kuma tambayar da na yi ba ta saka wa mutum tunanin, sauke masa kaya take yi. Limaminmu ya riƙa zama da shi. Mahaifiyar aminin ma ta zo da ƙafarta ta ce masa ɗa ɗaya ta rasa, kada ya sa ta rasa biyu. An ɗauki watanni kafin ya dawo daidai. Yanzu yana gyaran injin jirgin ruwa, akwai ranakun daɗi, akwai na nauyi, kuma har yau gabana na faɗuwa idan wayarsa ta yi ta ƙara bai ɗauka ba.

Na koyi cewa shirun samarinmu ba jarumta ba ne, zolayata kuma ba magani ba ce. 'Yan'uwa, idan wanda ya daɗe cikin ƙunci ya washe rana ɗaya, yana rabar da kayansa yana neman yafiya ba tafiya a gabansa, kada ku tsaya yaba masa. Ku tambaye shi ƙiri-ƙiri, ku zauna da shi, ku kai shi ga likita. Da na ce na yafe a ranar nan, da na sallame shi da bakina.

Duk sallah yakan tambaye ni maganar tulun yana murmushi. Nakan ce masa ya dawo baɗi.