Zufar Tukunya

Ni ne na kusa kashe mahaifina da ruwa. Ba ruwan kwata ba, ba na kududdufi ba, ruwa garau wanda ko ƙwayar ƙasa babu a cikinsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne an gargaɗe ni tun ina ɗan shekara bakwai, a gindin murhu, na kuma ji da kunnena. Sai dai a lokacin abin da na ɗauka daga zancen daban ne.

A unguwar Gidan Dahala ta Sakkwato muka tashi, ni da ƙanwata Rabi, a hannun kakarmu ta wajen uba, Inna Ige. Tsohuwa ce 'yar firit mai kaifin baki, ba ta yarda kowa ya taɓa mata tukunya ba. Da an sallame magariba za ta yayyafa ruwa a tsakar gida, ƙasar da ta sha rana ta saki wani ƙamshi da har yau ban sami irinsa ba. Sai ta ja kujerarta 'yar tsugunne gaban murhu, mu kuma mu baje a tabarma muna jiran tuwo. Jemagu na fita daga dogon yaron ƙofar gida, motocin siminti na gurnani can nesa a hanyar Kalambaina, hayaƙi na tashi a hankali kamar ba ya son barin gidan. Tsakanin ɗora sanwa da kwashe tuwo, nan ne lokacin tatsuniya.

Wata rana na ɗebo ruwa a randa, na ga wani farin abu kwance a gindin moɗa. Na ture ta, na ce ni ba zan sha datti ba. Inna ta dube ni sama da ƙasa. Da yake ni jikanta namiji ne, maigida take ce mini, kullum tana mitar ko ɗankwali ban taɓa saya mata ba.

"Maigida, yau kuma ruwan gidanmu na ba ka sha? To zamna. Ga wata can tahe, ku matsa mata ta samu wuri."

"Mun matsa, ta zauna," in ji mu.

Ta ce wai an yi wani mai sayar da tufafi a kasuwar birni, ana ce masa Ɗanƙyanƙyami. Ba ya shan ruwan gulbi, wai jakuna sun taka. Ba ya shan na rijiya, wai ya taɓa ganin kwaɗo a ciki. Na sama ma ya ƙi, wai ya biyo ta indararo. Yana cikin wannan hali ya gamu da wata tsohuwa mai tallan kanwa, ya tambaye ta ko akwai ruwan da bai taɓa taɓa ƙasa ba. Ta ce akwai. Ya ɗora tukunya, ya rufe ta, in ta tafasa ya tara zufar da ke ɗiga daga murfin. A nan Inna takan rage murya, ta zama tsohuwar da kanta.

"Amma ka sani, ɗana, ruwan ga baƙo na. Hannu biyu shi ka tahowa, babu tsaraba. In ya hita kuwa, ba shi hita haka nan, sai ya ɗauki wani abu naka."

Ɗanƙyanƙyami bai ji ba. Ya jera tukwane bakwai a bayan ɗakinsa, wuta ba ta mutuwa, yana tara ɗigo yana sha. Daga nan ya tuna gishiri ma daga ƙasa ake tono shi, ya hana a sa masa a miya. Kanwa ma haka. Yana sha ƙishirwa ba ta tafiya. Da farko hawayensa ne ya zama lami. Sai aka lura in ya taka rairayi ba ya barin sawu. Sai inuwarsa ta fara kodewa. Wata yamma yana dawowa daga kasuwa iska ta shiga babbar rigarsa, ta cika ta, ta ɗaga shi cak.

Wurin nan ne nake lumshe ido. Inna ba ta gaggawa a kansa, tana tuƙin tuwo tana bi da shi ta saman birni. Ya ga soraye kamar an jera ƙore, ya ga gulbin Rima yana walƙiya, ya ga fadamar shinkafa da albasa, ya ga mata a bakin rijiya suna dariya. Ƙamshin miyar kowane gida yana hawa ya same shi. Yana kira, muryarsa ma ba ta da nauyin da za ta sauko. A ƙarshe rigarsa ta maƙale a kan giginya, uwarsa ta zo ta ɗaura moɗar ruwan rijiya a bakin doguwar gora ta miƙa masa.

Rabi ce mai tambaya kullum. "Ya sha, Inna?"

Ba kullum amsar take zama ɗaya ba. Ranar da Inna ke cikin nishaɗi yana sha, kowace kurɓa ta sauko da shi taku ɗaya har ya dira ƙasa. Ranar da muka ɓata mata rai kuwa ƙi yake yi. A wannan yamma ɗaga muciya ta yi ta nuna wani ɗan farin gajimare da ya rage a yamma.

"Ga shi can. Har yanzu shina jiran a wanke mai moɗa."

Ta buɗe tukunyar miya, ta karkata murfin, ta ɗiga mini zufar a tafin hannu, ta ce in lasa in ta huce. Na lasa. Ba zaƙi, ba ɗaci, ba komai, kamar na lashi iska. Ta ce to tatsuniya ta tashi ta ba tuwo wuri, mu wanke hannu.

Gaskiya ni ba tausayin Ɗanƙyanƙyami na ji ba, ƙyashinsa na yi. Na yi shekaru ina mafarkin ina shawagi a saman Sakkwato, riga cike da iska, ba abin da ke taɓa ni. Inna ta rasu ina ajin ƙarshe a sakandare, mafarkin bai bi ta ba.

Na girma na zama malamin kimiyya. A ɗakin gwaji na makarantarmu akwai na'urar da ke dafa ruwa ta tara tururinsa ya koma ruwa, irin wanda ake zuba wa batir. Kullum ina gaya wa ɗalibai babu ruwan da ya kai shi tsabta, kuma ba ƙarya na yi ba.

Sai Baba ya kwanta da ciwon ƙugu, aka ce tsakuwa ce a ƙoda. Aka yi magani ta fita, likita ya ce ya yawaita shan ruwa, ya rage gishiri saboda hawan jini. Rage aka ce, ni kuwa na ji kamar an ce a hana. Na duba butar shayinsa na ga farin dutse ya kama cikinta, na ce ga ɓarawon nan, ruwan burtsatsen unguwa ne ya tara masa tsakuwa. Na sayo ƙaramar na'ura irin ta makaranta na kafa a ɗakina. Na hana a ba shi kowane ruwa sai nawa. Na hana gishiri ɗungurungum, na hana kanwa, na hana dunƙulen miya. Ni ne mai boko a gidan, wa zai ja da ni?

Azumi ya kama a tsakiyar zafi, irin zafin garin nan da ko kwance kake zufa na bin ka. Baba ya ce shi ba zai ajiye azumi ba. Abincin da ba gishiri ba ya shigar masa, sai ya yi loma biyu ya ture. Ni kuma ina tsaye a kansa daga shan ruwa zuwa sahur, kofi bayan kofi, ina jin daɗi wai ina wanke masa ƙoda. Da ya ce ƙafafunsa na ɗaurewa na ce tsufa ne. Da ya ce kansa na juyawa na ce azumi ne. Ranar sha tara ga wata, bayan la'asar, ya dube ni ya kira ni da sunan ƙaninsa da ya rasu tun kafin a haife ni. Kafin in ce wani abu ya sulale daga kan buzu.

A asibiti aka ɗebi jini. Likitar, wata yarinya da ba ta girmi ɗalibaina na farko ba, ta tambaye ni me yake ci, me yake sha. Na zayyana mata, har da ɗan alfahari. Ta ajiye biro.

"Malam, gishirin jininsa ne ya faɗi ƙasa sosai, shi ya rikita masa kai. Ruwan nan ba guba ba ne, mai cin abinci sosai zai sha bai ji komai ba. Amma babu abin da yake kawo wa jiki. Zufa na fitar da gishiri, maganin hawan jininsa na fitarwa ta fitsari, kai ka toshe hanyar da wani zai shigo, kana ta ɗura masa ruwa a kai."

Kwana uku ana masa ƙarin ruwa mai gishiri, ɗigo ɗigo, don ta ce in aka yi gaggawa shi ma haɗari ne. Ina zaune ina kallon ɗigon, kunya kamar ta kashe ni. A nan na gane Inna ta ɗan yi wa ruwan ƙazafi, shi ba ɓarawo ba ne. Amma mutumin ta san shi sarai. Ta san akwai mai gudun datti har ya gudu daga abin da ke riƙe da shi, ta kuma hango shi a jikanta tun yana ture moɗa. Abin da ba ta faɗa ba shi ne irin wannan mutum ba lallai kansa zai cutar ba. Wani lokaci wanda ya fi ƙauna ne ke biya.

Rana ta huɗu da hantsi Baba ya buɗe ido ya kira sunana daidai. Na durƙusa a gefen gadon, na ce ya yafe mini, ban sani ba. Na tambaye shi don me bai taɓa ce mini abin ba ya masa daɗi ba. Ya dubi silin ya yi magana, muryar can ƙasa.

"Bello, ruwan ga naka bai taɓa kashe min ƙishirwa ba, ko sau guda."

"To Baba, me ya sa kake sha?"

"Na ga kana tashi tun da asuba kana tara min shi. Ina za ni iya ce maka a'a?"