Sandunan da Suka Yi Tsawo a Injin Gadonmu

Ina gaishe ku tare da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru, ni ne mutumin da in ya iso majalisa a Haɗeja sai mai shayi ya ƙara ruwa a buta, don ya san ba mai tashi da wuri. Manomin rani ne ni, kuma rabin makanike. Na ɗan zauna a gareji, zaman da ya isa in iya kwance inji amma bai isa in ji tsoronsa ba.

Ni da yayana muka gaji fadama da injin ban-ruwa guda. Ba mu raba injin ba, kwana muke rabawa, yau ni gobe shi. Gonata ce a bakin ruwa, tasa tana can baya, sai ruwa ya bi doguwar tiyo kafin ya kai mata. Yaya mutum ne mai shiru. Bukka ɗaya muke fakewa da rana, ina zuba yana gyaran fartanya, ba ya dariya, sai dai ya girgiza kai ya ce in ji tsoron Allah. Wannan girgiza kan ta fi mini dariyar kasuwa guda.

Wata shekara, alkama ta fara fitar da kai, na tsinci kamshaf na wani babban inji a wurin 'yan gwangwan. Shi ne ƙarfen nan mai ƙusumbi da ke juyawa yana tura wasu siraran sanduna biyu, su kuma su buɗe bawul, wato 'yan ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi. Na ce wa Yaya in na ɗaura shi, injinmu zai zuƙe kogin tas har mutanen Guri su riƙa tsintar kifi da hannu. Ya ce in bari a girbe tukuna. Na ce to, na jira ya tafi gari ta'aziyya, na baje sifanu.

Kamshaf ya zauna. Amma da na mayar da tsofaffin sandunan sai na ga sun tokare, ɗan sararin da ake bari tsakaninsu da kan bawul ya ɓace, ko na warware noti har ƙarshe. Sabon kamshaf ya fi tsohon kauri, gajerun sanduna yake so. Na gani da idona, wallahi na gani. Sai na ce wa kaina ƙarfe ne, in ya yi zafi za su sasanta. Na ja igiyar tayarwa, inji ya yi ruri, ruwa ya fito kamar zai tsaga tiyo, na shayar da gonata ina rawa ni kaɗai. Kafin la'asar na ji ƙas, sai shiru. Fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin inji, ya doki bawul, sandunan sun lanƙwashe kamar ƙugiyar kamun tarwaɗa.

Washegari kwanan Yaya ne. Lokacin kuwa ba mai ba da aron inji, kowa alkamarsa na jin ƙishirwa. Na zaga fadama har ƙafata ta san kowace gona, kowa ya ba ni haƙuri. Kafin kayan gyara su iso daga Kano, gonarsa ta yi fari, zangarniya ba ƙwaya. Tawa kuma, da ta sha ta ƙoshi, tana kore shar a bakin ruwa. Na so ƙasa ta tsage.

Da ma Yaya ya zage ni. Ya tsaya ya dubi gonar, ya kira ni da sunan da Inna ke kirana, ya ce haka Allah ya rubuta. Na kai masa rabin girbina, ya ce in ciyar da yara. Da rani ya zagayo sai ya koma noma wajen surukansa a Kirikasamma, ya bar mini injin gaba ɗaya.

Yanzu kowace rana kwanana ce. Ina zama a bukka, labari ya zo mini har baki, in waiga, ba kowa sai ciyawar kacala da tsuntsaye. A majalisa har yau ana dariya in na buɗe baki, amma na fi dawowa gida da wuri.

Masu taɓa inji, in kun canja kamshaf ku gwada tsawon sandunan, ku juya injin da hannu ku tabbata bawul na rufewa kafin ku ja igiya. In kuma abin na tarayya ne, kada ku yi gwaji da kwanan wani. Injin dai na gyara shi. Yaya kuwa muna gaisawa lafiya lau a waya, yana tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya, amma bai taɓa tambayata gona ba.