Neman Mindar Baba a Samaru da Sabon Gari

Tashi daga Saminaka

Gari bai waye ba na fito daga gida, wata Talata cikin Satumba, a shekarun da wayar salula ta fara shigowa garinmu. Ban yi wa Baba sallama ba, don na san idan ya ji inda za ni zai ce in bar wa Allah. Ni kuwa na gaji da barin.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da ni. Sunana Rifkatu, malamar firamare ce ni. Mahaifina, Kofur Ishaku, yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Bama. Abin da ya dawo da shi bai taka kara ya karya ba: lambobin yabo uku da shi yake kira minda, da takardar sallama, da hoto ɗaya da suka ɗauka su takwas, wanda Baturen da ke jagorantarsu ya sa hannu a bayansa. Duk suna cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadonsa. Kowace shekara ranar bikin 'yancin kai sai ya maƙala mindodin a ƙirji, ya shiga sahun 'yan mazan jiya a filin fareti.

To, shekarar da ta gabaci tafiyar nan sai ga wani mutum daga Samaru, Mista Bitrus, da farar mota da tabarau. A majami'a aka gabatar mana da shi. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba, ya ce shi mai tara kayan tarihin soja ne, za a yi nuni a Zariya, yana roƙon aron kayan na mako biyu kacal. Baba ya ji daɗi an tuna da shi, ya juye masa gwangwanin duka. Shekara ta kusa zagayowa, ko wasiƙa babu. Lambar wayar da ya bar mana kullum a kashe. Da fareti ya matso sai Baba ya ce shi bana ba zai fita ba, ba zai tsaya cikin abokansa ƙirji fayau kamar wanda bai je ko'ina ba. Ya rage cin abinci. Wannan ne ya sa na saka gwangwanin nan babu komai a ciki cikin jakata, na nufi tasha.

Hanya

Ƙarfe shida da 'yan mintoci motar ta cika, tsohuwar Fijo ce, mu huɗu a baya. Ruwan da aka kwana ana yi ya cika ramukan titi, direba yana ta kauce-kauce kamar mai rawa. A Fambeguwa muka tsaya, kowa ya sayi ƙosai da koko, ni ban sayi komai ba.

"Malama, lafiya dai? Tun da muka taso ba ki ce uffan ba," in ji direba.

"Ɓarawo nake zuwa nema," na ce masa.

"A Zariya? Kin san gidansa?"

"Sunansa kawai na sani, da cewa a Samaru yake."

Ya girgiza kai. "Allah ya ba da sa'a. Amma Samaru ba ƙauye ba ce."

Kafin Soba aka tare mu a wani shinge. Mai binciken ya sa na buɗe jaka, ya ɗauki gwangwanin ya girgiza, ya ji shiru, ya buɗe ya leƙa. Ya tambaye ni me zan yi da gwangwani wofi. Na ce abin da ke ciki ne aka sace. Ya dube ni, ya miƙo mini, ya ɗaga wa direba hannu. Wajen goma da rabi muka shiga Zariya, na hau bas zuwa Kwangila, daga nan na hau wata zuwa Samaru.

Samaru

Na tambayi masu shago, na tambayi 'yan acaɓa, na tambayi ɗalibai masu haɗa Hausa da Turanci har ka rasa wanne suke yi. Sai da rana ta take wani mai gyaran gilashin hoto ya ce, "Wai mutumin nan mai tsofaffin takubba? Nan nake yi masa firam." Ya kwatanta mini gidan, mai koren ƙofa a bayan kasuwa.

Shi da kansa ya buɗe. Bai gane ni ba sai da na ce, "'Yar Kofur Ishaku ce daga Saminaka." Fuskarsa ta sauya, amma nan take ya saki dariya.

"A'a, Malama! Sannu da hanya. Ya Baba? Kin ga ina ta shirin zuwa, ayyuka ne suka yi yawa. Shigo, shigo."

Falon nan ya fi ajinmu girma. Bango huɗu duk kabad ne na gilashi. Hulunan soja, ƙahon busa, takubba, bel, gorunan ruwa na ƙarfe, wasiƙun Turawa da sa hannunsu, hotuna sun yi rawaya. A ƙasan kowane abu akwai ƙaramar takarda da aka buga da tafireta: Daga taskar Bitrus. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da ido, ban ga inda aka rubuta sunan sojan da ya sa hular ko ya busa ƙahon ba.

Sai na hango takardar sallamar Baba a bango, cikin firam. Ita ma an liƙa mata: Daga taskar Bitrus.

"Ina nunin da ka ce za a yi?" na tambaye shi.

"An ɗaga. Kin san halin ƙasarmu."

"To na zo karɓar kayan mahaifina."

Ya cire tabarau yana gogewa. "Malama, ke mai ilimi ce, ki fahimce ni. Waɗannan abubuwa tarihin ƙasa ne, sun fi ƙarfin gida ɗaya. A wurinku gara ce za ta cinye su. Ranar da tsohon ya kwanta dama, jikoki su naɗe ƙosai da takardar nan. Ni taimakonku nake yi."

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Shekara kusan sittin takardar nan tana ƙarƙashin gadonsa, gara ba ta ci ba. Kai ne garar da ta shigo mana da mota!"

Na hau kujerarsa da takalmina na sauke firam ɗin. Ya ce zai kira hukuma. Na ce ya kira, ni ma ina son su zo su ji. Na ce masa idan bai fito da sauran ba, ranar Lahadi zan nemi majami'ar da yake zuwa, in tsaya lokacin sanarwa in faɗa wa jama'a yadda ya durƙusa wa tsoho ɗan shekara tamanin da wani abu ya yi masa ƙarya.

"Hoton ba ya nan," ya ce a hankali. "Wani Bature ya nema saboda sa hannun da ke baya. Na aika masa."

"Ka aika? Hoton da mahaifina ne kaɗai ya rage a raye cikin su takwas?"

Ya mayar da tabarau a idonsa.

"Mindodin fa?"

"Ina da irinsu da yawa, sai na yi musaya da su. Suna wurin Oga Sande, mai gyaran agogo a kasuwar Sabon Gari. Takobin can ya ba ni."

Na dubi takobin, na dube shi. Da na ƙara minti ɗaya a falon nan da na fasa masa gilashi. Na rungumi firam ɗin na fita, yana bina yana cewa firam ɗin dai nasa ne. A bakin ƙofa na ɓalle bayansa, na zare takardar, na ajiye masa katakonsa a ƙasa.

Hanwa

Da la'asar na sauka Hanwa, gidan Yaya Saratu, 'yar wan mahaifina, da ke aikin jinya. Ta yi mini tuwon masara da miyar kuɓewa, shi ne abin da na fara sa wa cikina tun safe. Ina ci ina ba ta labari.

"Ai ba ku kaɗai ba ne," in ji ta. "Akwai wata mai zuwa asibitinmu daga Giwa, haka aka yi wa kakanta da hularsa. Su sun haƙura."

"Haƙurin nan namu ne ya cika masa falo, Yaya."

"Ki ci abinci dai tukuna. Gobe ki je da sanyin rai, kada ki je ki tarar da mutumin kirki ki zage shi."

Na ce na ji. Amma ban yi mata alkawari ba.

Sabon Gari

Washegari da hantsi na hau acaɓa zuwa kasuwa. Ruwa ya mai da layukan caɓi, ga masu baro suna ihu a ba su hanya. Na ratsa 'yan atamfa da masu kayan gini kafin na sami rumfar Oga Sande, 'yar ƙarama, agogo ta ko'ina kowanne da nasa lokacin. Dattijo ne mutumin kudu, amma a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa.

"Madam, agogo ne ya lalace?"

"Mindodin mahaifina na zo karɓa, waɗanda Bitrus ya kawo maka."

Ya ajiye abin da yake gyarawa. "Ya ce mini magada ne suka sayar masa, mai su ya rasu."

"Mai su yana Saminaka da ransa. Ya daina cin abinci."

Oga Sande ya riƙe baki. Ya sunkuya ya jawo wani kwanon sha daga ƙarƙashin tebur, ya juye a kan tire.

Jama'a, ban taɓa ganin abin da ya ƙona mini rai irin wannan ba. Mindodi ne tuli guda, kamar an juye kuɗin ciniki. Taurari masu tsini shida, da masu kama da sule, wasu da sabon ƙyalle, wasu tsirara. Kowace ɗaya wani ne ya bar gonarsa, ya hau jirgin ruwa, ya shiga dajin da bai san sunansa ba kafin a ba shi ita. Ga su a kwanon sha.

"Ki zaɓi nasa," ya ce.

Na ɗauki ɗaya na juya bayanta. Babu suna. Na ɗauki wata, haka. Wata ma haka.

"Ba su rubuta suna a na wancan yaƙin ba," in ji shi. "Duk iri ɗaya aka buga. Da ƙyalle ake ganewa, ni kuwa na cire tsofaffin ƙyallayen na wanke ƙarfen, don masu saye sun fi son mai sheƙi. Madam, ban sani ba."

"Su wa ke saye?"

"Baƙi. Da masu kaiwa Legas. Wasu ma makullin mota suke rataya wa."

Na daka masa tsawa har maƙwabtansa suka leƙo. Na ce shi bai taɓa tambayar kansa ba, yaya aka yi tsofaffin ƙasar nan duka suka tashi sayar da abin da suke taƙama da shi? Na ce da shi da Bitrus da masu sayen duk tafiyarsu ɗaya. Ya sunkuyar da kai ya bar ni na gama.

"Mahaifina ma ya je," ya ce daga baya. "Direban soja ne. Nasa mindodin ni na sayar ina saurayi. Ki ɗauki uku, ba na son komai."

Na zauna a benci na yi ta juya ƙarafan nan har azahar ta kusa. Tun ina yarinya nake ganinsu a ƙirjin Baba, amma ban taɓa riƙe su na duba da kyau ba. A ƙarshe na zaɓi taurari biyu da mai kama da sule ɗaya, na jefa a gwangwani. Ya haɗa mini da ƙyallaye mafi tsufa da ya samu. Kafin in tafi na ce masa duk ranar da Bitrus ya sake kawo kaya, ya tambaye shi kabarin mai su.

Komawa gida

Motar dawowa ta lalace a Dutsen Wai, muka yi zaman jiran bakanike. Sai bayan magariba na isa gida. Na tarar da Baba a ƙofar ɗakinsa, rediyo a cinya.

"Ina kika shiga kwana biyu, Rifkatu?"

Na durƙusa na miƙa masa gwangwanin. Ya buɗe, ya fara ɗauko takardar sallama, ya shafa ta da tafin hannu. Ya nemi hoton. Na gaya masa gaskiya. Sai ya fara kiran sunayen mutum bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, da garuruwansu, kamar mai kiran sahu. Na sa ƙanena ya kawo biro muka rubuta.

Sai ya ɗauki tauraro ɗaya, ya bi tsinayensa da babban yatsa.

"Wannan ba tawa ba ce."

"Baba, duk iri ɗaya ne, ban iya bambancewa ba."

"Tawa akwai lanƙwasa a tsini ɗaya. Yayanki ne ya cije ta lokacin yana fitar da haƙori." Ya ƙara juya ta a hannu, ya auna nauyinta. "Amma mai wannan ma ya je. Wataƙila ba shi da wanda zai bi sawunta. Ɗauko allura ki ɗinka mini ƙyallen."

Ranar fareti ya fita da mindodin mutanen da bai sani ba a ƙirjinsa, ya tsaya ƙyam cikin sahu, sandarsa a hannuna. Ni dai har yau ban huce ba, kuma ba na neman in huce. Duk wanda ke da tsoho a gida da gwangwani a ƙarƙashin gado, idan baƙo ya zo da daɗin baki yana neman aro, a ba shi kujera da ruwa, ya kalla a nan ya tafi.

Ina gode wa Yaya Saratu da ta sauke ni, da mai gyaran firam da ya nuna mini ƙofa, har da Oga Sande da ya sha zagina bai rama ba. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na kuma tarar da Baba da ransa.