Ɗana Ya Ɗauke Mini Jikata

Jama'a, ku ji abin da ɗan cikina ya yi mini yau!

Na je makaranta a Nassarawo ɗauko jikata Saratu, mu biya mu sayi awara kamar kullum. Ba ta nan! Malamarsu ta ce, "Kaka, ai babanta ya ɗauke ta tun safe. Wai Abuja za su koma."

Abuja? Yarinyar da na goyo daga Michika ranar da muka gudo!

Na kira shi. "Bitrus, ina Saratu?"

Ya ce, "Mama, yi haƙuri, mun wuce Gombe. Da na faɗa miki, ba za ki yarda ba."

Kafin ya kashe waya na ji muryarta: "Baba, juya, mun manta Kaka!"