Inna Rufe-Ɗaya

Ƙarfe bakwai take buɗe ɗakin awon masu ciwon suga. Ta goge benci, ta jera kayan aiki, ta daidaita tsohuwar kalandar da ke rataye jikin ƙofa. Shekara ashirin da shida ke nan, ƙarshen watan nan kuma za ta ajiye aiki. Sunanta na yanka ya ɓace tuni. Inna Rufe-Ɗaya kowa ke ce mata.

Abin da aka ɗauke ta ta yi bai wuce ta soki yatsa ta rubuta sakamako a kati ba. Ita kuwa sai ta danna ƙafarka ta ga ko za ta loɓa. Ta tambaye ka matashin kai nawa kake tadawa kafin numfashi ya bar ka ka kwanta. Sannan ta ce, "Rufe ido ɗaya, kalli kalanda."

Yayana tela ne. Suga ya daɗe a jikinsa, zuciyar ma ta fara rauni, ni nake raka shi asibiti. Ranar da ta ce ya rufe, sai ya yi dariya.

"Haba Inna, ni da nake zura zare a allura ba gilashi?"

"Da wane idon kake zurawa, sarkin ɗinki? Rufe na hagu."

Ya rufe. Dariyar ta tsaya. Rabin kalandar babu, kamar an ja baƙin labule. Nan ya faɗi abin da ya ɓoye mana kwana huɗu: walƙiya a gefen ido, da baƙaƙen abubuwa suna yawo kamar ƙudaje. Ashe lafiyayyen idon ne yake rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Sashen ido suka ce ya dawo bayan mako shida. Inna ta bar layi, ta kama hannunsa har gaban likita.

"Sista, ido ba sashenki ba ne."

"Likita, kati uku kuka ba shi, na suga da na zuciya da na ido, amma mutum ɗaya ne ya shigo. Ina nan tsaye sai ka leƙa."

Ta tsaya kuwa. Da ya leƙa, sai ga tantanin da ke can cikin ido ya fara ɓallewa. Kwana biyu tsakani aka yi aiki. Ita kuma aka ba ta takardar gargaɗi, wai ta bar wurin aikinta. Ta ninke ta tana fifita da ita.

Inna, ke ba ki taɓa cewa kin san yadda zuciya da suga da ido suke jan juna ba. Cewa kike, "Masu bincike su bincika. Ni dai na ga masu kumburin ƙafa da yawa sun rasa rabin kalanda, ba zan jira ba." Ke ce mai taurin kan da ya amfane mu. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya bar miki naki idanun.

Yanzu mun ji wai da kin tafi za a cire kalandar, don tana sa layi ya yi tsawo. To, ku masu zuwa, layi ya yi tsawon. Mu da muke kan bencin ba mu yi ƙorafi ba. Ku danna ƙafa, ku tambayi numfashi, ku ce a rufe ɗaya.

Yayana kuma ya ce a gaya muku: ranar da aka cire, shi zai kawo wata ya kafa da hannunsa. Yana ganin ƙusa sarai.