Shekara Biyu Ana Cin Hanta

A layin mahauta babu wanda bai san Gatari ba. Ba sarar ƙashi kaɗai ta jawo masa laƙabin ba, bakinsa ma in ya sauka a kan mutum sai ya ji a jikinsa. Shekara talatin da ɗoriya yana tsaye bayan teburi ɗaya, da ƙugiyoyi huɗu da wani kututture da tsakiyarsa ta lotsa don sara. Ya san cikin saniya kamar yunwar cikinsa. Kuma ya gaji wani karatu daga ubansa wanda ba ya yarda a taɓa: a hanta ake yin jini. Ga ta nan ja wur, ka yanka jini ya biyo wuƙa, wace shaida kuma ake nema?

Shi ya sa da matarsa ta fara ɗashewa, tafin hannunta ya yi fari fat, tana haki daga ɗaki zuwa madafa, bai ga abin tashin hankali ba. Kullum kafin ya sayar da ko tsoka ɗaya sai ya yanke mafi kyawun hanta ya ware. A soya, ya tsaya a kanta sai ta cinye tas. Babbar 'yarsu ta yi maganar asibiti har sau uku, ya ce tun ba a haife ta ba yake fiɗa, ba ita za ta koya masa jini ba. Mai kemis na bakin titi kuwa, wanda ya daɗe yana ɗura wa matar ƙwayoyin ciwon baya kamar gyaɗa, ya ƙaro da kwalaben maganin ƙarin jini, yana yaba wa Gatari dabara. Zani ce ta tadda mu je.

Haka aka kwashe shekara biyu. Ranar da matar ta yanke jiki ta faɗi tana shanya, ƙafafu a kumbure, 'yar ba ta nemi izinin kowa ba, ta tare mota, sai asibiti.

Bayan gwaje-gwaje likitar ta kira shi ofis. Tun bai zauna ba ya fara yi mata lacca a kan hanta. Ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi me yake gani idan ya sare ƙashin ƙugu ko haƙarƙari. Ya ce wani abu ja-ja mai ramuka, ɓargo dai, abin da yake ƙara wa masu saye gyara.

"To Baba, nan ne ake yin jinin," in ji ta.

Ta ce hanta takan yi wannan aiki ne lokacin da mutum yake cikin uwarsa, daga baya ta sakar wa ɓargo. Ƙwayoyin jini ja wata huɗu suke yi su tsufa, saifa ta tsince su, ɓargo ya ƙero sababbi. Amma ba ya himma sai ƙoda ta aiko masa da saƙo ta cikin jini. Ƙodar matarsa ta gaza, kuma shekarun da ta yi tana haɗiyar ƙwayoyin ciwon bayan nan suna cikin abin da ya cinye ta. Hantar da yake kawowa ba guba ba ce, kayan gini ne ya yi ta jibgewa a fili, alhali babu wanda ya kira magini. Da an kawo ta bara waccan, da wataƙila ba a kai ga wankin ƙoda ba.

Gatari ya fito yana huci. Bai zame ko'ina ba sai shagon mai kemis, ya zube kwalaben a kan kanta, ya wanke shi tas, tun daga macuci har ɗan kashe-mutane. Mai kemis ya jira ya numfasa, ya ce shi dai bai taɓa hana kowa zuwa asibiti ba. Maganar ta ƙona wa Gatari rai fiye da zagi, domin ya san wanda ya hana.

Tun daga nan fushinsa ya rasa wurin sauka. Yana sarar ƙashi kamar da shi suka yi faɗa. Wani ya zo sayen hanta saboda 'yarsa ta ɗashe, Gatari ya hana shi, ya ce ya kai ta a gwada jininta tukuna, ko ya tafi wani teburin a cuce shi. Maƙwabta suka ce tsufa ya fara taɓa shi.

Yanzu Litinin da Alhamis teburin a rufe yake. Yana zaune a kujerar roba gefen gadonta, yana kallon jininta yana shiga na'ura yana dawowa, awa huɗu cur. Wata Alhamis ya daure ya tambaye ta abin da take marmari, ya ce ko mene ne, in dai likita ta yarda.

Ta juyo ta dube shi.

"Malam, komai ma, ban da hanta. Ni fa tun ina yarinya ba na son ta."

Ya ce to don me ba ta taɓa faɗa ba, shekara biyu?

"Kai ake faɗa wa magana?" ta ce, ta gyara hannun da allurar take ciki.