Mai Fitilar Ƙarƙashin Teku

Ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da na sani shi ne dam ɗin da ke wajen garinmu Dutsin-Ma, shi ma daga cikin mota na hango shi. Amma ƙarar ƙarƙashin teku na san ta kamar kukan akuyata, don na daɗe ina jin ta ta bangon ɗakin ɗana.

Ɗan fari ne. Sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, haka muka tarar iyayenmu na yi. Ba na kiransa, ba na zaunar da shi in yi masa faɗa ido da ido. In ina da magana sai in faɗa wa ƙanwarsa da ƙarfi yadda zai ji, in ba ta nan in faɗa wa kaji.

Ya gama makaranta, aiki bai samu ba, sai ya shige cikin waya. Ƙanwar ce ta bayyana mini wasan. Wai wani gari ne ya nutse can ƙasan teku inda rana ba ta kaiwa, su kaɗan suke haɗuwa daga garuruwa daban, kowa ya zaɓi abin da zai zama. Wani mai mashi, wani mai magani. Nawa shi ne mai fitila, shi ke gaba, in ya fita sauran sun makance. Ina tankaɗe ina jin numfashinsa na cikin wasan kamar na mai asma, da wani kifi da ke kuka irin na saniyar da aka raba da maraƙi. Wata rana da bazara na ji ruwa na zuba, na fito a guje in kwashe shanya. Rana tsaka, ko gajimare babu.

Babansu ya rasu ya bar gona a Ɗantutture, ta wajen Kurfi, cikin gandun da ba a raba ba. Ƙanen mijina, wanda yara ke ce wa Baffa, ya zo har gida kafin damina.

"Yaya," ya ce da ni, "bara gonar nan ta kwanta. Bana in ruwan shuka ya sauka ban ga sawun ɗanki ba, zan ba surukina aronta."

"Zai zo, Alhaji."

"Ya zo da ƙafarsa dai, ba a waya ba."

Kowa ya san aron gona a wajenmu. In mutum ya zuba taki ya ci amfani, ba ta dawowa sai da shari'a, ni kuwa ba zan kai ɗan'uwan mijina gaban alƙali ba.

Na sauko da irin gero, wanda babansu ya zaɓa da hannunsa, na adana a tulu cikin toka. Na jingine sungumi a ƙofar ɗakin yaron, inda sai ya tsallake shi kafin ya fita alwala. Ya riƙa tsallakewa.

Ruwan ya sauka wata la'asar, mai yawa, ƙasa ta sha. Da safe unguwa ta watse, kowa ya nufi gona. Na tsaya tsakar gida na ce wa ƙanwar, "Wai mutanen gidan nan ba su ji an yi ruwa ba?"

Ta je ƙofarsa. "Yaya, Inna ta ce an yi ruwa."

"Na ji. Ki ce mata gobe. Mun kai ƙofar ƙarshe, in na fita yanzu mutanena za su mutu."

"Mutuwar da ake tashi a sake? Sarkin kifaye, laima ba ta jiran kowa fa."

"Ke, ja mini ƙofa."

Ina tsaye, tsakanina da shi taku kaɗan. Uwar da ba ɗan fari gare ta a ɗakin ba, da ta shiga ta fizge wayar. Na koma na hura wuta.

Goben ta zama jibi, jibin ma ta wuce. Da ya ɗauki irin ya tafi, ya tarar surukin Baffa ya gama shuka, har gero ya fara huda ƙasa. Baffan bai yi masa faɗa ba. Ya ba shi abinci, ya ce ya gaida ni.

Ya dawo ya ajiye ƙullin irin a bakin murhu. Ban san inda zan shuka shi ba, gidanmu siminti ne har bakin zaure. Na wanke tokar, na surfe, na dama kunu. Ƙanwar ta kai masa, ya shanye, ya ce ya yi daɗi.

Ban gama wanke ƙwaryar ba na ji ruwan nan ya fara zuba ta bango. Sai muryoyin mutanensa, waɗanda ba su san Ɗantutture ba, ba su san ranar da aka yanka masa rago ba, suna ta kiran sunan nan gatsau, suna cewa ya kawo fitila.